Aikin Gini a Ƙasar Funtuwa da Malumfashi

Ko wace shekara, in an gama kaka, mu kan ga ajin yaƙi da jahilci ya ragu. Benci da ya ke ɗaukan mutum biyar sai a ga mutum biyu. In muka tambaya ina wane, sai a ce ya tafi gini. Wani yana Funtuwa, wani Zariya, wani Kaduna, wani har Abuja. Da ruwan farko ya sauka kuma sai su dawo ɗaya bayan ɗaya, hannuwa duk sun yi kanta.

Da farko abin ya kan ɓata mana rai, mu malamai. Amma da muka duba sai muka ga ba laifinsu ba ne. Aikin gona a ƙasarmu wata shida ne ko bakwai, amma ci wata goma sha biyu ne. To, tun da ya ke gini ne ke ɗebe mana mutane haka, ya kamata mu zauna mu san shi sosai. Wa ke ba da aikin? Daga ina kuɗin ke fitowa? Don me wani ya kan dawo da abin sayen taki, wani kuwa ya dawo da bashi?

Hannu ɗaya, aiki biyu

Mutumin da ke riƙe fartanya a watan Yuli shi ne ke riƙe shebur a watan Janairu. Ba wasu mutane dabam ba ne. Wannan shi ne abu na farko da za mu riƙe.

Tun kakanninmu haka abin ya ke. Ginin ƙasa ba ya yiwuwa da damina. Sai ruwa ya ɗauke a ke haƙa ƙasa, a kwaɓa ta da ciyawa, a bar ta ta ruɓa, a cura tubali, a shanya. Magini yana bisa bango, yara suna jefa masa tubali daga ƙasa. A rufa soro da azarar giginya, a yaɓe shi da makuba don kada ruwa ya ci. Mata su yi daɓe. Wanda ba shi da halin soro ya ɗaura tsaiko, ya yi jinka da shuci. Galibi da gayya a ke yin wannan, yau a gidan wannan, gobe a gidan wancan, ba kuɗi sai tuwo da fura. Magini kaɗai a kan biya, don sana'arsa ce, sau da yawa ma gadonta ya yi. A manyan garuruwa har Sarkin Magina a ke naɗawa.

Abu na biyu, kuɗin gini daga gona su ke fitowa. Ƙasar nan, daga Funtuwa zuwa Bakori da Ɗanja da Ƙafur da Malumfashi, ƙasar masara ce da dawa da auduga da waken soya. In shekara ta yi kyau, aka kai hatsi kasuwar Ɗandume ya yi daraja, sai ka ji guduma a ko wace unguwa. Wannan zai yi wa ɗansa aure, yana son ɗaki. Wancan zai cire jinka ya sa kwano. Falke ya ci riba, zai gina shago. In kuwa shekara ta ɓaci, mai gida ya fasa gini, birkila ya zauna, lebura ya zauna, mai tifa ya zauna, har mai sayar da ƙosai a bakin wurin aiki ta rasa ciniki. Watau a shekarar da manomi ya fi bukatar aikin rani, a shekarar ce aikin ya fi wuyar samu a gida. Shi ya sa a ke tafiya nesa.

Yadda aikin kuɗi ya shigo

Aikin gini na lada, irin wanda a ke tara ɗaruruwan mutane wuri guda, da Turawa ya zo. Hanyar jirgin ƙasa ta kai Kano a 1911. Daga baya aka ja wani reshe daga Zariya, ya bi ta Funtuwa da Gusau, ya kai Ƙauran Namoda a 1929. Da hannu aka yi aikin, da diga da shebur da kwanon sarki. Har yanzu in tsofaffi suka ce aikin diga, wahala su ke nufi. Ba kowa ne ya tafi da son ransa ba. A zamanin nan a kan aiko wa hakimi cewa ana son mutum kaza, hakimi ya raba wa dagatai, dagaci ya raba wa masu unguwa. Haka kuma aka kwashi mutane tilas zuwa haƙar kuza a Jos daga 1942 zuwa 1944, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da yawa ba su dawo ba. Muna faɗin wannan ne don ku san dalilin da ya sa iyayenmu ke raina aikin lebura, su na ganin ba aikin mai mutunci ba ne. Sun ga abin da suka gani.

Amma jirgin nan shi ya ɗaukaka Funtuwa. Kafin zuwansa Maska ce babban gari, shi ya sa har yau hakimin Funtuwa Sarkin Maska a ke ce masa. Da tasha ta kafu sai kantuna suka biyo, da ɗakunan ajiya, da injin gurzar auduga na kamfanin BCGA. Malumfashi, garin Galadiman Katsina, ita ma aka kafa mata injin gurza. Ko wane ɗaya daga waɗannan sai da aka nemi magina da kafintoci da masu ɗaukan kaya. Baƙi suka zo daga kudu da sana'ar siminti da katako. Mutanenmu suka fara da ɗauko musu ruwa, sannu sannu wasu suka koya.

Sa'an nan sai zamanin kuɗin man fetur. A 1975 aka fara babban shirin raya aikin gona na Funtuwa, tare da na Gusau da na Gombe, da rancen Bankin Duniya. Sunansa dai shirin gona, amma wani babban sashe nasa gini ne: hanyoyin ƙauye, da ƙananan madatsun ruwa, da ɗakunan ajiye taki da iri. A 1976 aka soma shirin ba da ilmin firamare kyauta ga kowa, aka shiga gina azuzuwa a ƙauyuka barkatai. A shekarar nan kuma aka yanke shawarar gina Abuja, gwamnati ta koma can a 1991. A 1987 aka cire Jihar Katsina daga Jihar Kaduna, aka bukaci sababbin ofisoshi da gidajen ma'aikata. A 2024 aka buɗe tashar sauke kaya ta kan tudu a Funtuwa.

Ku lura da abu guda a cikin wannan tarihi. Babban aiki kamar ruwan kwari ya ke. Ya zo da ƙarfi, ya ɗauki kowa, shekara biyu ko uku ya wuce. Ranar da aka buɗe gini da tafi da kiɗa, ran nan ce lebura ya rasa aiki. Wanda ya sayar da gonarsa don ya ga albashi, shi ne ya fi kowa shan wuya bayan haka.

Su wane ne a wurin gini

Mu shiga wurin gini mu duba. A sama akwai mai gini, shi ne mai kuɗi. Ƙarƙashinsa ɗan kwangila, in aikin babba ne da injiniya. Sa'an nan masu sana'a: birkila mai jera bulo, kafinta mai rufi da ƙofofi, mai ɗaurin rodi, mai walda, mai jan wayar lantarki, mai haɗa famfo, mai fenti. Daga ƙarshe sai leburori, masu haƙa harsashi, da kwaɓa siminti, da ɗaukan bulo. Tsakaninsu da ɗan kwangila akwai heluma, shi ke tara su, shi ke ƙirga su, sau da yawa ta hannunsa kuɗinsu ke bi.

Bayan waɗannan akwai waɗanda ba a ganinsu a kan bango amma da ginin su ke ci. Masu ɗiban yashi a rafi, masu fasa dutse, masu buga bulo, 'yan garuwa, masu amalanke da masu tifa, da mata masu tuwo da waina da kunu. Ɗaki ɗaya da aka gina ya kan taɓa gida goma.

Leburori sun fi kowa yawa, sun fi kowa shan rana, kuma su ne mafi ƙarancin lada. Dalilin a fili ya ke. Kowa mai lafiya yana iya ɗaukan kwanon sarki tun ranar da ya fara. In ka ƙi kuɗin da aka taya, akwai mutum goma tsaye bayanka. Birkila kuwa sai ya shekara biyu ko uku yana bin ubangida kafin bangonsa ya miƙe. Ba a samunsa a ko ina, sabo da haka shi ke faɗin kuɗinsa.

Ladan lebura kuma yana hawa yana sauka kamar kuɗin hatsi. A tsakiyar rani, lokacin da kowa ya fito nema, ya kan faɗi. Da an shiga noman farko da maimai, ƙwadagon gona ya yi tsada, sai wurin gini ya rasa mutane, ɗan kwangila ya shiga lallashi. Ginin bulo ba kamar na ƙasa ba ne, ana yinsa har da damina. A nan ne jarraba ta ke. Mutum ya ga kuɗi a hannu ko wace yamma, sai ya ce bari in ƙara mako ɗaya. Kafin ya dawo ciyawa ta cinye masara. Mun ga wannan ba sau ɗaya ba. Kuɗin mako guda ba su sayen buhunan da aka rasa.

Akwai kuma abin da ya ƙara cika wuraren gini da mutane a shekarun nan. Ɓarayin daji sun hana noma a wurare da dama na Faskari da Sabuwa da Ɗandume da Ƙanƙara. Kowa ya tuna yadda aka kwashe 'yan makaranta a Ƙanƙara a Disamba 2020. Manoma da yawa suka bar ƙauyukansu suka shigo gari. Mutumin da ya saba cika rumbu, ya wayi gari ba shi da abin sayarwa sai ƙarfinsa. A lokaci guda kayan gini suka yi tsada. Bayan an janye tallafin man fetur a 2023, buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da yawa a farkon 2024. Gine-gine suka tsaya a linta. Ma'aikata sun ƙaru, aiki ya ragu. Ba sai mun faɗa muku abin da ya sami lada ba.

Lissafin cin rani

Yanzu mu ɗauki alli. Waɗannan kuɗi da za mu faɗa na misali ne kawai, don mu koyi lissafi. Ku canza su da abin da ku ka sani.

A ce mutum ya tafi birni wata ɗaya. Ana biyansa naira 4,000 a yini. In ya sami aiki kwana 24, ya tara naira 96,000. Kuɗi masu kauri, ko ba haka ba? To, yana cin abincin naira 1,500 ko wace rana, ko ya yi aiki ko bai yi ba. Kwana 30 sun ci naira 45,000. Kuɗin mota zuwa da dawowa, a ce naira 20,000. Saura naira 31,000. Ba mu sa sabulu ba, ba mu sa magani ba.

Yanzu a ce bai sami aiki kwana 24 ba, sai 16 kaɗai, don siminti ya ƙare, ko mai gini ya yi tafiya. Kwana 16 sau 4,000, naira 64,000 ke nan. Abinci da mota 65,000. Ya yi wata guda yana kwana a kango, ya dawo ana binsa naira 1,000.

Kun gani, ba yawan ladan yini ne abin dubawa ba. Yawan kwanakin aiki ne. Wani lokaci ƙaramin lada a Bakori ko Malumfashi, inda mutum zai kwana gidansa ya ci tuwon gidansa, ya fi babban lada a Abuja. Wanda kuma ke da fadama kusa, ya auna tumatir da rake tukuna kafin ya ɗaure kaya. Ba mu ce kada a tafi ba. Mun ce a yi lissafi kafin a hau mota.

Inda a ke cutar wanda bai iya karatu ba

Wani ɗan ajinmu ya taɓa yin aikin haƙa magudanar ruwa wajen wani ɗan kwangila. Aka ce za a biya duk ƙarshen mako. Mako na farko aka biya. Na biyu aka ba da rabi, aka ce gwamnati ba ta saki kuɗi ba. Na uku aka ce a yi haƙuri. Da aikin ya ƙare ya je karɓa, akawu ya buɗe littafi ya ce kwana 11 a ke binsa. Shi kuwa ya san 17 ne. Amma a kansa ya riƙe, akawu kuwa a takarda. Aka miƙo masa tawada ya dangwala yatsa a wurin da bai san abin da aka rubuta ba. Da ya kai ƙara wurin mai unguwa, sai aka nuna yatsansa.

Bana mutumin nan yana da ɗan littafi a aljihu. Ko wace yamma ya rubuta ranar wata, da wurin aiki, da abin da aka ba shi. Rubutun karkatacce ne, amma ana karantawa. Ya ce tun da heluma ya ga yana rubutu, ƙirga ba ta sake saɓawa ba.

Biya iri biyu ne, ku san wanne ku ka shiga tun kafin ku ɗauki shebur. Akwai biyan yini. Akwai kuma jinga, watau a yanke kuɗin aiki dungum, kamar haƙa rami ƙafa kaza, ko jera bulo ɗari kaza. Jinga ta fi riba ga mai ƙarfi, amma fa sai wanda ya iya awo. In an ce rami ƙafa uku zurfinsa, aka zo aka ce huɗu aka faɗa, wa zai raba gardama? Haka kuma kafin alƙalami. Yana da daɗin karɓa, amma ya kan ɗaure mutum, har shuka ta zo bai iya tashi ba.

Doka ta yi magana a kan waɗannan abubuwa. A 2024 aka sa mafi ƙarancin albashi a Nijeriya naira 70,000 a wata. Amma dokar ba ta hau kan mai ma'aikata ƙasa da 25 ba, ba ta kuma hau kan aikin jinga ba, kuma yawancin ginin garuruwanmu irin wannan ne. Akwai kuma dokar 2010 ta biyan diyya ga ma'aikacin da ya ji rauni ko ya rasu a bakin aiki. Duk masu ɗaukan ma'aikata a ke sa ran su zuba kuɗi a asusun hukumar NSITF don haka. In ka sami aiki a babban kamfani na hanya ko gada, ka tabbata an rubuta sunanka daidai, an ba ka katin aiki, ka adana shi. A ƙaramin gini kuwa, gaskiya ita ce in ka faɗo daga kan katako, sai abin da mai gini ya ga dama. Don haka ka duba katakon da kanka kafin ka hau. Kada ka shiga ramin ƙasa da aka ci ƙarƙashinsa. Kada ka kwaɓa siminti da ƙafa ba takalmi, yana cin fata. Yara kuma wurinsu makaranta ne, bulo mai inci 9 ba kayan wuyan yaro ba ne.

Daga shebur zuwa cokalin gini

Tsakanin lebura da birkila ba ƙarfi ba ne. Lebura ma ya fi ƙarfi. Awo ne da ƙirga. Birkila ya san buhun siminti kilo 50 ne, ya cika kwanon sarki biyu. Ya san in an ce ɗaya, biyu, huɗu, ana nufin siminti awo ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu, a yi kankare. Ya san bandir na kwano falle 20 ne. Ya san ɗaki mai ƙafa 12 ko wane gefe, tsawon bango ƙafa 10, zai ci bulo wajen 400 in an cire ƙofa da taga. Duk wannan lissafin da mu ke yi ne a aji, ba wani sihiri ba.

Ilmin nan yana amfanin mai gini ma, kuma yawancinmu wata rana masu gini ne, ko da ɗaki ɗaya. Masu buga bulo na kirki ba su wuce bulo 30 mai inci 9 daga buhu guda. Wani ya kan fitar da 45 ko fiye don ya sayar da araha. Irin wannan in ka murza da yatsa sai ya zube. Kuma sabon bulo da sabon kankare su na son ruwa safe da yamma har kwana 7 a ƙalla, balle da hunturu, lokacin da iska ke busar da kome. Mutane su kan ga kamar ɓarnar ruwa ce. Ba ɓarna ba ce, ruwan ne ke ba siminti ƙarfi.

Wanda ke son sana'ar, hanya mafi kusa ita ce ya liƙe wa ubangida ɗaya, ya bar yawo daga wannan gini zuwa wancan. Ladan zai ragu da farko. Ya riƙa kallo, ya riƙa tambaya, ran da aka miƙa masa cokali kada ya ji tsoro. In hannunsa ya faɗa, Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya tana yin jarrabawar sana'a, mataki uku, daga na uku zuwa na biyu zuwa na ɗaya. Takardar da a ke bayarwa ita ce manyan kamfanoni ke tambaya. Matasa kuma akwai makarantun koyon sana'a na gwamnati a jihar nan. Amma ko ina a cikinsu sai an cika takarda, sai an sa hannu, sai an karanta awo a jikin ma'auni.

Sabo da haka, mai shirin tafiya bana, ga abin da mu ke roƙo. Kada ya bar littafin karatunsa a gida. Kafin ya tashi ya zo aji da takarda da fensir, mu rubuta tare abin da zai nema a rubuta masa a wurin aiki: sunansa, sunan wanda ya ɗauke shi, irin aikin, yini ne ko jinga, nawa ne, wace rana a ke biya, da sunan shaidu biyu. A ƙasan takardar kuma ya rubuta ranar da zai dawo sharar gona.